Yadda Ake Rubuta Labaran Gem Domin Masu Kallon Talabijin

Mai kallon tashar yankinsa bai zo neman labarin gem ba, labarin ne ya tarar da shi a zaune. A gaban allo ɗaya za ka samu yaron da ya fi ka sanin wasan, da uban da za a zo wa da maganar kuɗin saye, da wanda jira kawai yake ka gama a shiga labarin ƙwallo. Duka ukun kake rubuta wa a lokaci guda, kuma babu wanda zai iya komawa baya ya sake jin jimlar da ta wuce shi. In ka cika rubutun da kalmomin 'yan gem, biyu sun tashi. In ka yi kuskuren suna ko kwanan wata, na farkon ya kama ka, kuma ba zai yi shiru ba.

Fara da sanin sakan nawa aka ba ka

Kafin ka nemi labari ko ɗaya, tambayi furodusa tsawon gurbin. Rubutun talabijin da sakan ake auna shi, ba da shafi ba. Ƙa'idar da ɗakunan labarai suka saba aiki da ita ita ce kalma uku a sakan ɗaya, amma kada ka ɗauke ta ido rufe. Miƙa wa mai gabatarwarka rubutu mai kalma 150, ka kunna agogo, ya karanta da muryar da yake aiki da ita a gaban kyamara, ba muryar hira ba. In ya gama a sakan 55, saurinsa kalma 2.7 ne a sakan, kuma da wannan za ka riƙa lissafi daga yau. Labarin gem yakan ci lokaci fiye da yadda ido ke nunawa, saboda sunayen wasanni baƙi ne a baki, sannan lamba ɗaya kamar 2026 kalma shida ce in an furta ta.

Gurbin minti biyar, wato sakan 300, ana iya raba shi haka:

- buɗewa da kanun labarai: sakan 15
- babban labari: sakan 90
- gajerun labarai biyu: sakan 30 kowanne
- sakamakon gasa: sakan 45
- rahoto kan 'yan wasan yankinku: sakan 75
- rufewa: sakan 15

Cire kusan sakan 45 na muryar baƙi da sautin wasan kansa. Saura 255. Da saurin 2.7, abin da za ka rubuta duka bai wuce kalma 690 ba. Yawancin masu fara wannan aiki sukan kawo ninki biyu na haka, sai a yi ta yanka a minti na ƙarshe, kuma abin da ya fi amfani shi ke fita.

Tun a nan za ka yanke siffar kowane labari. Akwai wanda mai gabatarwa zai karanta tsura yana kallon kyamara. Wannan bai dace da gem ba sai in labarin ya faɗo ana dab da shiga iska. Akwai murya kan hoto, inda yake karatu hoton wasa na tafiya, sakan 25 zuwa 40. Akwai murya kan hoto da aka haɗa da maganar baƙo, sakan 45 zuwa 60. Sai cikakken rahoto da aka riga aka naɗa aka tace, sakan 75 zuwa 120.

Zaɓen labari

Gwada kowane labari da tambayoyi huɗu. A wace na'ura ake buga wasan? Yaushe zai iso hannun mai kallonka? Me zai ci, kuɗi ko data ko wuri a waya? Na 'yan shekara nawa ne? Labarin da ba za ka iya amsa ko biyu daga ciki ba, ajiye shi tukuna.

Tambayar farko ita ke tsara jerin. In mafi yawan masu kallonka a waya suke wasa, sabuntawar PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty Mobile ko eFootball ta fi sabon katin hoto na kwamfuta muhimmanci nesa ba kusa ba, komai yawan surutun da manyan kafafen waje ke yi a kansa. Kada ka yi ƙiyasi. Tambayi masu shirya gasa da masu wuraren buga gem abin da aka fi nema, ka sake tambaya bayan wata uku, don abin yana juyawa da sauri.

Labarin manyan kamfanoni ma yana shiga, in ka juyo shi ta inda ya taɓa mai kallo. A watan Oktoban 2023 Microsoft, mai na'urar Xbox, ya kammala sayen Activision Blizzard, kamfanin da ke yin Call of Duty, a kan dala biliyan 68.7. Wannan lambar ta shafin kasuwanci ce. Abin da mai PlayStation ke son ji shi ne, tunda mai Xbox ya mallaki Call of Duty, za a raba shi da wasan ne? Amsar ita ce labarin: tun a watan Yulin shekarar, Microsoft da Sony, mai ƙera PlayStation, sun ƙulla yarjejeniyar barin wasan a PlayStation.

Ka kuma riƙe kalandar manyan tarukan gem da fitowar wasanni. Gamescom a birnin Kolon na Jamus a watan Agusta, Tokyo Game Show a Satumba, sabon EA Sports FC wajen ƙarshen Satumba, The Game Awards a Los Angeles a Disamba. Baje-kolin E3 an rufe babinsa tun Disambar 2023, kada ya maƙale a jadawalinka. Nintendo Direct da State of Play na Sony kuwa, shirye-shiryen da kamfanonin ke sanar da sababbin wasanni a ciki, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu kawai ake sanarwa kafin a yi su, don haka ka bar gurbi ɗaya da za a iya musanyawa.

Tantancewa

A nan gizo ke saƙar. Harkar gem cike take da ƙishin-ƙishin, kuma mai faɗar ƙanzon kurege yakan yi magana da ƙarfin gwiwa fiye da kamfanin kansa. Raba duk abin da ya zo maka gida uku, kowane gida da lafazinsa.

Na farko, abin da kamfani ya faɗa da bakinsa, a shafinsa ko a taronsa. A nan ne kaɗai za ka rubuta "ya sanar" ko "ya tabbatar". Don gudun shafin bogi, kada ka yarda da hoton sanarwa da aka turo maka. Shiga ainihin gidan yanar kamfanin, daga can ka bi zuwa shafinsa na sada zumunta. Ranar 1 ga Afrilu kuma ka ninka shakka, kamfanonin gem na son barkwancin wannan rana.

Na biyu, rahoton wata kafa mai suna da ta dogara da majiyoyinta. Ka ambaci kafar a farkon jimla, ba a ƙarshe ba, sannan ka ƙara cewa kamfanin bai tabbatar ba. Mai sauraro abin da ya fara ji shi yake riƙewa. In ka ce "za a fitar da wasan a bazara, in ji wata jarida", ya riga ya ɗauka magana ta zauna.

Na uku, abin da aka kwarmata. Mafi yawansa barinsa ya fi. In ya yi girman da ba za a kau da kai ba, labarin shi ne kwarmatawar da martanin kamfani. A Satumbar 2022 an saki bidiyo kusan 90 na wasan GTA VI tun ana tsakiyar ƙera shi, kamfanin Rockstar mai wasan kuma ya fito ya tabbatar an yi masa kutse. Ana iya ba da wannan labari daga farko har ƙarshe ba tare da an nuna sakan ɗaya na hoton da aka sata ba, kuma haka ya kamata, don hoton mallakar kamfanin ne.

Bayan haka sai ƙananan ramuka da suka fi kayar da mutane.

Kwanan wata. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Nintendo Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, wanda a tsarinsu ake rubutawa 6/5/2025. Wanda bai lura ba zai karanta 6 ga Mayu. Nemi inda aka rubuta sunan watan da haruffa.

Agogo. Taron da aka yi da yamma a Los Angeles, a Afirka da Turai dare ya riga ya raba, rana ta sauya. Mayar da kowane lokaci zuwa agogon masu kallonka, ka duba ko "Alhamis" ta koma "Juma'a". Ka tuna wasu ƙasashen na matsar da agogonsu sau biyu a shekara.

Lambobi. Yawan waɗanda suka sauke wasa daban, yawan masu buga shi a wata daban, yawan waɗanda ke ciki a lokaci guda daban. PUBG ya kai mutum miliyan 3.2 a lokaci guda a Steam, dandalin wasannin kwamfuta, a Janairun 2018. Wannan lissafin kwamfuta ne kawai, kuma na lokaci ɗaya ne. Haka nan na'urorin da kamfani ya aika wa 'yan kasuwa ba su ne waɗanda mutane suka saya ba. A gasa kuma, kada ka haɗa jimillar kyauta da rabon zakara: a The International ta 2021, gasar Dota 2, an raba kimanin dala miliyan 40, amma Team Spirit da ta yi nasara sama da miliyan 18 ta ɗauka.

Ranar fitowa. Alkawari ce, ba tabbas ba. Rubuta "kamfanin ya sa ranar kaza", kada ka rubuta "zai fito ranar kaza" kamar ka gani da idonka.

Akwai kuma aikin da teburin gem zai yi wa sauran ɗakin labarai: gane hoton wasa da aka yi wa rigar yaƙin gaske. A 2011 tashar ITV ta Birtaniya ta nuna wani yanki na wasan Arma 2 a matsayin bidiyon harin IRA, ƙungiyar da ta yi gwagwarmaya da makamai a Arewacin Ireland. A 2022 an yi ta yaɗa hotunan Arma 3 da sunan yaƙin Yukren, har kamfanin Bohemia Interactive mai wasan ya fitar da bayanin yadda ake gane su. Alamomin su ne hoto mai dishi-dishi da gangan, yawanci da dare, kyamara na rawa fiye da ƙima, babu mutane a kusa, hayaƙi da wuta kuma ba sa tafiya yadda na gaske ke yi.

Tara hoto kafin ka rubuta kalma ɗaya

Wanda ya fara rubutu sannan ya nemi hoto, ƙarshensa mai gabatarwa na maganar farashi allo na nuna ana harbin dodo. Kalli hoton tukuna, ka rubuta lokacin kowane yanki a takarda: daga sakan 12 zuwa 17 filin wasa daga sama, daga 31 zuwa 36 mota a bakin teku, da sauransu. Daga wannan jerin jimlolinka za su fito.

Hoto na zuwa ta hanya huɗu: kayan da kamfani ya ware wa 'yan jarida, tirelar wasan, abin da kuka naɗa da kanku, da hoton gasa daga masu shirya ta. Na ƙarshen sai da izininsu a rubuce, haka ma bidiyon wani ɗan wasa daga YouTube ko Twitch. Kasancewarsa a fili ba izini ba ne. A kan tirela kuma, bambance wadda aka haɗa kamar fim da wadda ke nuna ainihin wasan. Kamfanoni kan rubuta hakan da ƙananan haruffa a gindin hoton. In ta fim ce, kada rubutunka ya ce "kamar yadda kuke gani wasan yake".

In da kanku za ku naɗa daga na'urar gem, kuna buƙatar na'urar kama hoto ta HDMI, da kwamfuta mai manhaja irin OBS Studio. Abubuwan da suka fi lalata aikin su ne waɗannan. In allo ya fito baƙi ƙirin daga PlayStation, HDCP, wato kariyar hana kwafar hoto, ne a kunne. Kashe shi a saitin na'urar. In launi ya fito fari-fari kamar an wanke shi, HDR ne, wato tsarin ƙara wa hoto haske da launi; shi ma kashe shi, ku naɗa a girman hoto na 1080. In hoto na tsalle-tsalle idan kyamarar wasa ta juya, matsalar yawan firem ce, wato hotunan da ke wucewa a jere: wasanni na gudu a 30 ko 60 a sakan, tashoshi da yawa kuma a 25 ko 50 suke watsawa, lambobin ba sa shiga juna daidai, dole a zubar da wasu firem. Tambayi injiniya tsarin tasharku, ku gwada fitar da yanki ɗaya ku kalla a allon sitidiyo, sannan ku zaɓi wuraren da kyamara ke tafiya a hankali.

In daga waya ne, toshe shigowar saƙonni kafin ka danna naɗi, in ba haka ba saƙon wani ya fito a gidajen jama'a. Allon waya ya fi na talabijin tsawo, don haka ko dai a datse gefe ko a bar baƙin layi sama da ƙasa. Duba kada datsewar ta cinye maki ko agogon wasa. Sunayen sauran 'yan wasa da hirar da suke rubutawa, a dusashe su.

Kashe kiɗan cikin wasa kafin naɗi. Wasannin ƙwallo da na mota na ɗauke da waƙoƙin mawaƙa da kamfanin ya biya don wasan kawai, ba don tasharku ba. Bar sautin wasan kansa, ƙarar 'yan kallo ko ta inji, can ƙasa da muryar mai gabatarwa.

Walƙiyar haske ba abin wasa ba ce. A Disambar 1997 an kai mutum kusan 700, akasari yara, asibiti a Japan bayan wani shirin katun na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi. Ƙa'idar da masu watsa shirye-shirye ke bi ita ce kada walƙiya ta wuce uku a sakan ɗaya. Tirelolin gem cike suke da fashewa da ƙyaftawar haske. Datse wuraren, in kuma dole ne, mai gabatarwa ya yi gargaɗi kafin hoton ya fara, ba bayan ya fara ba. Jini da tsiraici kuma, lokacin da shirin ke fita da dokar hukumar da ke kula da tashoshin ƙasarku su za su yi hukunci.

Kowane yanki ya kai sakan huɗu zuwa shida. Hoton da edita zai miƙa ya ɗara tsawon rubutun da aƙalla sakan goma, don in mai gabatarwa ya yi jinkiri kada allo ya mutu.

Shimfiɗa takarda

A sama: gajeren sunan labari na kalma biyu ko uku, kwanan wata, sunan marubuci, tsawon lokaci, da lambar gyara. Sunan nan shi ne zai kasance a kan fayil ɗin bidiyo da kuma jadawalin shiri, harafi da harafi. In sun saɓa, darakta zai saki hoton wani labarin. Sai a raba shafi gida biyu. Hagu na darakta ne: kyamara, lokacin sakin hoto, rubutun ƙasan allo. Dama na mai gabatarwa ne, kuma abin da zai furta kawai ke shiga can. Labari ɗaya, shafi ɗaya.

Rubutun kansa

Jimlar farko ta faɗi abin da ya faru da wanda ya shafa, cikin kalma 20 ko ƙasa. Kwatanta waɗannan biyun. "Kamfanin Electronic Arts da ke Kalifoniya, bayan kusan shekara talatin yana aiki da hukumar FIFA, ya kawo ƙarshen yarjejeniyarsu." Da kuma: "Wasan ƙwallon da kuka sani da FIFA ya canza suna. Daga bana, EA Sports FC ne." Ta farko gaskiya ce, amma sai an kai kalma ta goma sha kafin mai kallo ya san da shi ake. Tarihin yarjejeniya ya jira jimla ta uku.

Jimla ɗaya, magana ɗaya. In mai gabatarwa zai ja numfashi a tsakiya, raba ta. Kada ka faɗi abin da ido ke gani. In allo na nuna mota na gudu, kai ka faɗi ranar fitowa.

Lambobi a ɓangaren dama da kalmomi ake rubuta su, kuma a dunƙule: "kusan dala biliyan sittin da tara". Cikakkiyar lambar ta tafi ƙasan allo. Kada lamba ta wuce biyu a jimla ɗaya.

Sunaye kuma a ɓangaren mai gabatarwa a rubuta su yadda ake furtawa: Pabji, Eksbos, Yubisof. A kan allo su fito da rubutun kamfaninsu. In kana shakkar furuci, saurari yadda ma'aikatan kamfanin ke faɗa a taronsu.

Kalmomin 'yan gem, faɗi abin da suke nufi ka wuce. "Wasan da ake zuba mutum ɗari a tsibiri, wanda ya rage shi ya ci" ya isar wa uba, kuma bai ɓata wa ɗan rai ba. Sau ɗaya ake bayani, cikin rabin jimla. Abin da ke korar 'yan wasa shi ne muryar raini, irin ta "yaran nan da wasanninsu". Yawancin waɗanda kake magana a kansu ma ba yara ba ne.

Ga labarin ɗage GTA VI yadda za a rubuta shi a Nuwambar 2025:

Hagu: mai gabatarwa a kyamara, sakan 8.
Dama: Masu jiran wasan GTA na shida, ta leƙo ta koma. Kamfanin Rockstar ya sake ɗage ranar fitowarsa da kusan wata shida.

Hagu: saki hoto, tirelar kamfani, yankunan gari da bakin teku kawai. Ƙasan allo: GTA VI, 19 ga Nuwamba 2026. Hoto: Rockstar Games.
Dama: Yanzu sai ranar sha tara ga Nuwamban dubu biyu da ashirin da shida, maimakon watan Mayu. Kamfanin ya ce yana buƙatar ƙarin lokaci don ya kammala gyare-gyare. Wannan ne karo na biyu da aka ɗage shi. Wasan zai fito a PlayStation ta biyar da sababbin na'urorin Eksbos. Ba a sanar da na kwamfuta ko na waya ba. GTA na biyar ya fito ne tun shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma a Turai an ware shi ga 'yan shekara goma sha takwas zuwa sama.

Kalma 106 ke nan, kusan sakan 40. In gurbin sakan 30 ne, jimlar ƙarshe ta fita, maganar shekaru ta koma ƙasan allo. Lura da jimlar "ba a sanar da na kwamfuta ko na waya ba". Ita ce ta fi kowace amfani ga mai waya, don duk wanda ya tallata masa manhajar wasan a waya, ya san damfara ce.

Ƙasan allo da muryar baƙo

Layi biyu, kowanne kada ya wuce haruffa 35 zuwa 40, ya zauna aƙalla sakan biyar. Gwada na'urar rubutun tun da wuri da ƙ, ɗ da ɓ, don wasu nau'o'in haruffa akwati suke fitarwa a madadinsu. Ka kuma duba kada rubutun ya rufe makin wasa. Ɗan gasa yakan fi shahara da laƙabinsa, don haka a sa duka biyun: Kyle Giersdorf, wanda aka sani da Bugha, shi ne ɗan shekara 16 da ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite a 2019.

Maganar baƙo sakan 10 zuwa 15 ta isa. Zaɓi inda ya faɗi abin da ya ji ko ya gani, bayanin ranaku da lambobi naka ne. Rubuta kalmomi ukun farko da ukun ƙarshe na maganarsa da tsawonta a hagu, da su darakta zai san lokacin dawowa sitidiyo. Jimlar da ke gabatar da shi kada ta riga shi faɗin abin da zai faɗa. In yaro ne, sai da amincewar iyayensa, kuma ban da sunan makarantarsa da sunan da yake wasa da shi a intanet.

Shekaru, kuɗi da talla

Alamar shekaru ta shiga duk labarin sabon wasa. PEGI ta Turai na da 3, 7, 12, 16 da 18. ESRB ta Amurka haruffa take amfani da su, M na nufin 17 zuwa sama. Alamar abin da wasan ya ƙunsa take nunawa, ba wahalarsa ba.

Kalmar "kyauta" kada ta fita ita kaɗai. Ce "saukewa kyauta ne, amma akwai sayayya a ciki". In akwai akwatin sa'a, wanda ake biya ba a san abin da zai fito ba, a faɗa; Beljiyam ta ɗauki irinsa a matsayin caca tun 2018. Faɗi gigabait nawa wasan zai ci, da ko yana buƙatar intanet koyaushe.

In sharhi za ku yi kan wasa, ambaci na'urar da kuka gwada shi a kai. Cyberpunk 2077 ya sha yabo daga waɗanda suka gwada shi a kwamfuta a Disambar 2020, amma a PlayStation 4 ya yi ta samun matsala har Sony ya cire shi daga shagonsa kimanin mako guda bayan fitowarsa. In kamfani ne ya ba ku wasan, ko ya ɗauki nauyin gurbin, a faɗa wa masu kallo. In ya gindaya lokacin da za a fara magana, rubuta ranar da sa'ar da manyan haruffa a saman shafi.

Maganar lafiya a yi ta da awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar buga gem a kundinta na ICD-11 da ya fara aiki a Janairun 2022, amma sharaɗin shi ne wasan ya fi ƙarfin mutum har ya lalata karatunsa ko aikinsa ko zamansa da mutane, yawanci na tsawon wata 12. Yawan wasa a lokacin hutu bai kai nan ba. Haka in an aikata laifi, kada rubutunka ya jingina shi ga wani wasa sai in masu bincike ne suka faɗa.

Gwaji kafin shiga iska

Karanta duka da babbar murya, agogo a hannu, hoton na tafiya. Inda harshenka ya harɗe, na mai gabatarwa ma zai harɗe, sauya kalmar. Ba wani da ba ya buga gem ya saurara sau ɗaya, ka tambaye shi abin da ya faru; in ya kasa faɗa, jimlar farko ce ba ta yi aiki ba. Sannan ba ɗan gem ya duba sunaye, lambobi da rubutun ƙasan allo.

Yi lissafi daga ƙarshe zuwa farko, ka rubuta a jadawali lokacin da ya kamata kowane labari ya fara. Sa alama a jimlar ƙarshe ta kowane labari da za a iya yarwa in lokaci ya ƙure, ka kuma tanadi gajeren labari na sakan 20 da hotonsa in an samu rara. Minti 30 kafin shiri, sake leƙa shafukan kamfanonin da ka ambata, don sanarwa ɗaya na iya rushe babban labarinka. Duk gyaran da aka yi a wannan lokaci ya shiga wuri uku a tare: na'urar da mai gabatarwa ke karantawa, takardar darakta, da na'urar rubutun ƙasan allo. A buga wa mai gabatarwa kwafi a takarda ko da na'urar za ta tsaya. Bayan shiri, ajiye rubutun tare da majiyar kowace magana da ranar da aka duba ta. In kuskure ya fita, a gyara shi a shiri na gaba, a gurbin da aka yi shi, cikin jimla biyu: abin da aka faɗa, da abin da yake daidai.